Yadda ake koyon busa hamonika da kunne

Hamonikar farko da na mallaka a kasuwa na saye ta, nan cikin Sakkwato, a hannun wani mai kayan wasan yara. Doguwa ce, ramukanta jeri biyu, sama da ƙasa, sai ƙyalli take yi. Na yi wata guda ina fama da ita a zaure bayan la'asar, ina bin darasin da na sauke a waya. Duk ramin da mai darasin ya ce a hura, in na hura sai wani abu daban ya fito. Ashe tawa da tasa ba iri ɗaya ba ne.

Wata rana kawuna ya iske ni ina ta zufa a kanta. Ya tsaya ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema cikin abin ga?" Na ce, "Kawu, wata waƙa nake son in fitar." Ya ce, "To, rera ta da bakinka in jiya." Na rera layin farko lafiya, na biyu ya kuɓuce mini. Ya yi dariya ya wuce masallaci. Wata guda kenan ina neman abin da ni kaina ban riƙe shi a ka ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan aka gina shi: abin da bakinka bai iya rerawa ba, hamonika ba za ta fitar maka da shi ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko ita kanta hamonikar. Nemi ƙarama mai rami 10 a jeri ɗaya, wadda aka buga harafin C a jikinta, wato sunan muryar da aka saita ta a kai. A cikinta akwai siraran harsunan tagulla guda 20, biyu a kowane rami: ɗaya na amsawa in ka hura, ɗaya in ka zuƙa. Doguwar nan mai jeri biyu da ta wahalar da ni, wadda yawanci ke da rami 24, ana kiranta tiremolo, kuma muryarta na rawa saboda harshe biyu ke amsawa tare. Akwai kuma mai maɓalli a gefe. Dukansu suna da ranarsu, amma ba da su za ka fara ba.

Cikin kamfanonin da suka yi suna akwai Hohner, wanda aka kafa a garin Trossingen na Jamus a 1857, da Seydel shi ma na Jamus, da Suzuki na Japan, da Easttop na ƙasar Sin mai sauƙin kuɗi. Shahararriyar ƙirar Hohner mai suna Marine Band, wadda ta fito tun 1896, cikinta katako ne. Ni ba zan ba ɗan koyo a Sakkwato shawarar katako ba. Yawu na kumbura shi, bushewar hunturu da bazara ta motsar da shi, in aka jima sai iska ta fara yoyo. Mai cikin roba, irin su Special 20, ta fi dacewa da yanayinmu. In ba ka samu a gari ba, yi sautu ko ka yi oda, ya fi maka a kan ta wasan yara wadda iska ke zurarewa ta ko'ina, kana busa minti biyar jiri na ɗibarka.

Na biyu wayarka da iyafis. Abu uku kake so daga waya: manhajar naɗar murya, wadda yawancin wayoyi ke zuwa da ita, manhajar da ke sauraron sauti ta nuna maka sunansa, irin wadda masu jita ke saita tsirkiya da ita, sai hanyar rage gudun waƙa. YouTube na barin ka mayar da gudu 0.75 ko 0.5 ba tare da muryar ta yi kauri ba, VLC ma haka. In kana da kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce, tana rage gudu, tana kuma iya ɗaga waƙa ko sauke ta ba tare da taɓa gudunta ba. Sauke waƙoƙin da za ka yi aiki da su a ajiye, don layi ɗaya za ka maimaita sau talatin, data ba za ta jure ba.

Na uku littafi da biro.

Mataki na farko: murya ɗaya tak

Riƙe ta da hannun hagu, lambobin suna sama, rami na 1 mai kaurin murya yana hagu. In ka kafa baki ka hura yadda ka ga dama, rami uku ne za su amsa tare, kuma da daɗin ji, don haka aka tsara ta. Sai dai mai koyo da kunne ba zai iya tantance komai cikin taron muryoyi ba. Dole ka iya ware rami ɗaya.

Tsuke leɓe kamar za ka yi fito, ka bar su da laushi. Tura hamonikar cikin baki sosai, ta zauna a kan jiƙaƙƙen cikin leɓe, sannan ka ɗan ɗaga bayanta sama yadda leɓen ƙasa zai rufe ramukan gefe. Fara da rami na 4. Numfashi za ka yi ta cikinta, a hankali, daga ciki, kamar mai barci. Yawancin 'yan koyo hura ta suke yi kamar suna hura garwashi, su zuƙe ta kamar suna shan kunu mai kauri da tsinke. Wannan ƙarfin shi ke shaƙe murya, shi ke gajiyar da harshen tagulla har ya mutu.

Za ka zo rami na 2 ka zuƙa, ka ji sautin ya fito a shaƙe ko ya ƙi fitowa, ka rantse an sayar maka da matacciya. Kusan kowa sai da ya yi wannan rantsuwar. Lafiyarta ƙalau. Saki muƙamuƙi, buɗe maƙogwaro kamar mai hamma, ka ja iska sannu, za ta amsa.

Ba wa wannan matakin mako ɗaya ko biyu. Masu gashin baki su ɗan rage shi, murfin na cizo.

Mataki na biyu: san ɗakunan gidan

Cikakken tsanin muryoyi, wanda ake rerawa do, re, mi, yana tsakanin rami na 4 da na 7. Ni a littafina h nake sa wa hurawa, z kuma zuƙa. Ga yadda suke: 4h do, 4z re, 5h mi, 5z fa, 6h so, 6z la, 7z ti, 7h do na sama. Lura da rami na 7. Daga 1 zuwa 6 zuƙa ta fi hurawa tsayin murya, daga 7 zuwa 10 abin ya juya. Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka hau tsanin ka sauko har bakinka ya daina tambaya.

Ga abin da ya raba mai kunne da mai hadda: kada ka busa murya sai ka fara rera ta. Hura 4h, saurara, cire hamonikar, rera abin da ka ji. Sannan ka rera re da bakinka kafin ka zuƙi 4z, ka ji ko kun haɗu. In ba ku haɗu ba, sake. A nan manhajar nuna sauti ke da amfani, ta gaya maka ko bakinka ya yi sama ko ƙasa. Amma rera tukuna, ka yanke hukunci da kunnenka, sannan ka duba allo. Wanda ya ƙura wa allo ido idonsa yake koya wa.

Mataki na uku: tada kunnen da kake da shi

Bahaushe na da jarin da bai cika lura da shi ba. Faɗi kuka na hawaye, sannan ka faɗi kukar miya. Haruffan ɗaya ne, amma a na farko muryarka ta tsaya sama har ƙarshe, a na biyu ta faɗo. Faɗi wuyan da ake rataya wa laya, ka faɗi wuyar da ake sha: ɗaya daga sama ya sauko, ɗaya daga ƙasa ta hau. Tun kana goye kunnenka ke wannan aikin, shi ya sa mai kalangu zai matse tsarkiya ya saki, ka ji kirari sarai babu wanda ya buɗe baki. Masu kotso da taushi na fadojin ƙasar nan, da Bafillacen da ke busa sarewa a bakin gulbin Rima, babu wanda ya koya daga takarda. Yaro ya zauna kusa da babba, ya ji, ya maimaita, aka gyara masa.

To ɗauki wannan jarin ka kai shi kan hamonika. Busa kuka na hawaye: 6h, 6h. Busa kukar miya: 6h, 5h. Busa sunanka, sunan unguwarku, gaisuwar safe. Mabera, Arkilla, Gawon Nama, kowanne da hawansa da saukarsa. Abin kamar wasa ne, amma da shi kunne ke sabawa da tambayar da zai yi ta yi har abada: muryar da ke tafe sama ta yi, ko ƙasa, ko tana nan?

Daga nan sai wasan amshi. In kana da abokin koyo, ku juya wa juna baya, ya busa murya uku tsakanin 4 da 6, kai ka amsa masa da irinsu. In kai kaɗai ne, naɗi kanka kana busa gajerun jimloli goma, kana barin fili bayan kowace, ka ajiye har kwana biyu sai ka manta abin da ka busa, sannan ka kunna ka riƙa amsawa. Fara da murya uku. In ta zauna, ƙara ta huɗu.

Mataki na huɗu: ciro waƙa

A nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Zaɓi waƙar da ta riga ta zauna a jininka, gajera, mai maimaici: waƙar reno da aka yi maka, waƙar gaɗa da ƙannenka ke yi a dandali, 'yar waƙar da ke cikin tatsuniya, ko kiran mai tallar fura da ke wucewa ƙofar gidanku kullum. Kada ka fara da waƙar sitidiyo mai kayan kiɗa goma a kan juna, kunnenka zai rasa wanda zai bi.

Rera ta da baki daga farko har ƙarshe sau uku. In wani wuri yana kuɓuce maka, tsaya nan ka gyara shi da baki. Hamonikar na aljihu har yanzu.

Sai ka nemi gidan waƙar. Kowace waƙa na da muryar da take komawa ta huta, galibi ita ce ta ƙarshe. Rera ƙarshen waƙar ka riƙe muryar nan. Wannan ce gida. Yanzu ciro hamonika ka hura 4h, ka sauya muryarka ta koma daidai da ita, ka sake rera waƙar yadda za ta ƙare a kan 4h. Ka jawo waƙar zuwa inda hamonikarka take kenan.

Yanke layin farko gunduwa-gunduwa, murya uku ko huɗu a kowane yanki. Rera muryar farko ka riƙe ta a hanci, ka bi ramuka kana nema. Idan ka dace, za ka ji muryarka da ta hamonika sun narke sun zama ɗaya. Idan kun kusa amma ba ku haɗu ba, za ka ji wani karkarwa tsakaninsu. Da ka samu, tambayi kanka game da ta biyu: sama ko ƙasa? Taku ɗaya ko tsalle? Yi hasashe kafin ka gwada. Kuskuren da ka yi bayan hasashe yana koya maka wani abu, lalube cikin duhu kuwa ba ya bar maka komai ko da ka dace. In yankin ya fito, busa shi sau biyar, ka ɗinka shi da na gaba.

Sai layi ya kammala za ka rubuta shi a littafi, don gobe. Kuma gobe gwada tuno shi da ka kafin ka buɗe littafin.

Idan daga faifai kake cirowa, sa iyafis a kunne ɗaya, ka bar ɗaya yana jin hamonikarka. Mayar da gudu 0.75. Kunna daƙiƙa biyu ko uku kawai, ka tsayar. Muryar da ta fi tsayawa a kunne ita ce wadda aka tsayar a kanta, don haka tsayar daidai kan wadda kake nema, ka rera ta nan take, sannan ka nemo ta. Gudun 0.5 na wuraren da mawaƙi ya yi gargada ne. In ka zauna a kansa kullum, karin waƙar zai ɓace maka, ka tashi da muryoyi a warwatse babu kiɗa.

Kiɗan ma kunne ke ɗauko shi. Kafin ka busa layi, tafa shi da hannu, ƙafarka na buga ƙasa. Murya daidai a lokacin da ba nata ba, mai sauraro kuskure zai ji.

Mataki na biyar: in waƙa ta ƙi shiga

Dalili uku ne yawanci.

Wataƙila faifan ba a C yake ba, duk ramin da ka taɓa sai ka ji suna faɗa da shi. Mafi sauƙi shi ne ka haddace waƙar da baki, ka kashe faifan, ka jawo ta gidan 4h kamar yadda na faɗa. Ko ka sauya tsayinta da Audacity har ta zo daidai. In hali ya samu daga baya, ƙara hamonikar A da G da D. Tsarin ramukan duk ɗaya ne, abin da ka koya a C yana nan.

Wataƙila kuma waƙar ta gangara ƙasa da do, ka bi ta ka tarar babu hanya. Gaskiya ne babu: tsakanin rami na 1 da na 4 ba a sa fa da la ba, can sama kuma babu ti. So na ƙasa yana 3h, haka ma 2z, murya ɗaya ce a wuri biyu. In waƙarka na son la na ƙasa, ɗauke ta gaba ɗaya ka kai ta sama, gida ya koma 7h. Sai so ya zama 6h, la 6z, re 8z, mi 8h, so na sama 9h. Muryar za ta yi siriri, amma komai na nan.

Dalili na uku shi ya fi shafar waƙoƙinmu. Da yawansu a kan murya biyar suke tafiya, kuma ba dole gidansu ya zama do ba. Gwada wannan jerin: 4h, 4z, 5h, 6h, 6z, 7h, ka tsallake fa da ti. Za ka ji ƙamshin gida nan da nan. Sannan ka mayar da gida 4z, ka bi 4z, 5z, 6h, 6z, 7h, 8z. Wannan ya fi sanyi, irin na waƙar begen wanda ya yi nisa. Akwai na uku da ke farawa daga 6z: 6z, 7h, 8z, 8h, 9h, 10z. Waƙar da ta ƙi zama a 4h, kai ta waɗannan gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa a na biyu nake samun tawa. Masu kiɗan da ake kira bulus a Amurka su kuma 2z suka fi mayarwa gida, shi ya sa busarsu zuƙa ta fi yawa a ciki.

Mataki na shida: lanƙwasa murya

Bari sai ka ciro waƙa biyar zuwa goma kafin ka shiga nan. Lanƙwasa ita ce ka zuƙi rami, ka sauya siffar cikin bakinka, muryar ta gangaro ƙasa. Harsunan biyu da ke cikin ramin ne ke aiki tare, kuma iyakar gangarowar ita ce kusa da muryar ɗan uwansa na ƙasa. Shi ya sa 4z da 6z da 1z ke saukowa rabin taku, 2z taku guda, wato tazarar do da re, 3z taku ɗaya da rabi, 5z kuwa ɗan kaɗan kawai, don mi da fa maƙwabtan juna ne. Fa da la da suka ɓace a ƙasa, a 2z da 3z suke ɓoye.

Fara da 4z. Zuƙa a hankali bakinka na siffar "ii", ka zame zuwa "uu", bayan harshenka na ɗagawa zuwa wurin da kake furta "ku". Wata dabarar: yi fito da jan iska ciki, ka sauke fiton daga siriri zuwa kauri, ka lura da abin da harshenka ya yi. Shi za ka yi a kan hamonika. Ƙarfi ba ya kawo ta. Wani kwana uku ya samu, wani sai wata biyu, kuma ranar da ta zo za ka ji kamar ramin ya faɗa da kansa.

Mai bin kiɗan gargajiya zai ga amfaninta fiye da cike giɓi. Goge da kukuma da algaita ba a saita su da ma'aunin fiyano ba, muryarsu kan zauna tsakanin ramuka biyu, tana zamewa daga wannan zuwa wancan. Manhaja za ta ce maka kuskure ne. Bi mai gogen.

Lokaci, da kula da ita

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ni nakan raba shi haka: kaɗan na dogon numfashi a rami ɗaya, kaɗan na amshi, sauran duka na ciro waƙa. Duk ranar Juma'a naɗi kanka, ka ajiye. Jin kanka a faifai ba daɗi da farko, amma nan za ka ji ramin da ke haɗuwa da maƙwabcinsa da wurin da kake gaggawa, abin da ba ka ji yayin da kake busa.

Ka san garin da kake. Ba a busa lokacin kiran salla, ba a yi kusa da masallaci ko makarantar allo, kuma in gidanku ba a son kiɗa, girmama na gaba ka nemi wani wuri. In dare ya yi, rufe bayanta da tafin hannu biyu ko ka naɗe ta da ƙaramin tawul, sautin zai ragu sosai.

Kurkure baki kafin ka busa. Ɓarɓashin goro, gyaɗa ko kilishi in ya shiga, sai ya maƙale harshe ɗaya ya yi shiru, shayi mai sukari kuma ya bar danƙo. In ka gama, bubbuga ta a tafin hannu ramukan suna kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kaɗan, sannan ka mayar da ita cikin kwalinta. Da hunturu kada ka bar ta a buɗe ko na wuni ɗaya, ƙura na shiga. Da safiyar sanyi ɗumama ta a hannu kafin ka fara. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada ka manta da ita cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur. In wani rami ya yi shiru, kwance murfin da ƙaramin sukundireba, ka ɗaga harshen a hankali da gefen siririyar takarda, yawanci ɗan gashi ne ko tsaba. Mai cikin roba ana iya ɗauraye ta da ruwa mai ɗan ɗumi a shanya, mai katako kuwa ba a jiƙa ta. Kuma ba a aron hamonika: in ƙaninka ya matsa yana so, saya masa tasa.